Bazarar Yaya Arezki

Azaffun, 6 ga Yuli, 1986

Zuwa ga matata Wardiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu Nadiya da mijinta da ɗan baƙon da Allah Ya kawo mana. Yaya jikin mai jego? Yaya gwiwar taki, hawan bene a can birnin Liyon na Faransa bai tayar miki da ita ba? Hoton ya iso. Na kai shi shagon gahawa kowa ya gani. Bela'id mai jirgin kamun kifin sardin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce yaron ya ɗauko hancina, Allah Ya ba shi haƙurin ɗauka.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa damuwar cikina a ranki. Farruja 'yar Yaya Arezki tana aiko mini da kuskus duk Juma'a, sauran kwanaki kuwa burodi ne da man zaitun da abin da teku ya ga dama ya ba ni. Hutuna ya fara, na miƙa makullin bas, sai kuma Satumba in Allah Ya kai mu.

Gari ya cika maƙil da 'yan hutu. Kowa da sabuwar sandar fatsa mai walƙiya, su fito da tsakar rana su jera a kan duwatsu suna gasa kansu, su koma ba ko ɓawon kifi. Ba laifinsu ba ne. Ruwan bana garau yake kamar a kwalba, kana tsaye kana hango tsakuwar ƙasa, kuma in ka ga kifi, to shi ya riga ya gan ka. Mu da asuba muke fita, ni da Yaya Arezki, da siririn zare da ƙananan ƙugiyoyi. Muna daka sardin da tsohon burodi da ɗan yashi, mu riƙa watsawa a inda ruwa ke bugun dutse yana kumfa, domin a cikin kumfar nan kaɗai kifi ke sakin jiki. Kafin rana ta yi zafi mun naɗe.

Wardiya, ba don labarin kifi na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ke cina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Yaya ba daidai yake ba. Jikinsa garau, har yanzu ya fi ni saurin sauka dutse duk da shekaru goma sha biyun da ya ba ni. Amma ranar Talata na ga ya jefa zare babu komai a ƙugiya, ya zauna yana jira. Na yi masa tsiya, na ce ko kifin bana azumi suke yi. Ya yi dariya, ni ma na yi. Can an jima sai ya tambaye ni ko Tasadit ta sako mana barkono a cikin abincin. Tasadit matarsa, Wardiya, wadda ni da shi muka sa a kabari shekara huɗu ke nan. Na ce masa ba ta sako ba. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, bakina ne ya riga ni.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne na jiya. Ina gyaran zare na ɗago kai, sai na gan shi tsaye a kan baƙin dutse, jiƙaƙƙen nan mai gansakuka inda ruwa ke kaiwa, ya juya wa teku baya yana lalube a cikin bokiti. Mutumin da ya taɓa korar ɗan hutu daga dutse da zagi saboda wannan laifin! Na daka masa tsawa, ya matso sama, ruwa ya zo ya share wurin da ƙafarsa take. Bai ko waiga ba. Cewa ya yi, "Mukran, me ya sa kake ihu kamar kana tashar mota?"

Da muka taso, maimakon ya bi hanyar gidan Farruja sai ya miƙe hanyar tsohon gidansa da aka sayar. Na bi shi a baya har ya kai ƙofar, ya ga an sake mata fenti, ya tsaya. Da ya juyo muka haɗa ido, ni na fara sunkuyar da kai.

Ban faɗa wa Farruja ba. Kin san ta, 'yar ubanta ce wajen zafin zuciya, kuma tun da ya koma wurinta take kaffa-kaffa da shi. In ta ji, teku ya ƙare masa ke nan, kuma ban san abin da zai rage masa ba in an cire teku. Ki ba ni shawara. Wataƙila zafi ne kawai, bana zafin ya yi yawa.

Ki sumbatar mini goshin yaron. Ki gaishe da Nadiya da mijinta da kyau.

Mijinki mai kewarki,
Mukran

Azaffun, 27 ga Yuli, 1986

Wardiya tawa,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da duk na wurinki. Takardarki ta same ni, na ji daɗin jin cewa yaron yana tsotso sosai kuma Nadiya ta fara takawa. Allah Ya ƙara lafiya.

Kin ce in faɗa wa Farruja tun kafin teku ya faɗa mata. Kin yi gaskiya, sai dai kafin takardarki ta iso ta riga ta sani. Ashe ta fi ni gani. Ta ce ta sha tarar da takalminsa a cikin kwandon burodi, kuma sau biyu yana barin tukunya a kan wuta har ta ƙone. Ta kai shi wurin likita a Tizi Wuzu da sunan awon jini. Likitan ya ce gigin tsufa ne ya fara, ba ya warkewa, gaba zai riƙa yi, wata rana a wayi gari garau, wata rana a rufe.

Da ta gama ba ni labari sai ta tsare ni da ido ta ce, "Baffa, kai ba ka ga komai ba a can bakin ruwa?" Na faɗa mata duka. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Da ruwan ya ɗauke shi, da me za ka zo ka ce mini?"

Washegari ta kwashe sandunansa ta kulle a ɗakinta. Filafilan kwalekwalensa kuma, da yake sun yi tsawo, ta sa aka kawo su gidanmu, ta ce in ajiye mata amana. Na jingine su a bayan itacen ɓaure.

Ina wurin lokacin da ya gane. Wardiya, ban taɓa son ƙasa ta tsage in shige ba kamar ranar. Ya fito da hularsa ta kaba da bokitinsa, ya duba bayan ƙofa babu sanduna. Farruja ta ce, "Baba, likita ya ce ka huta wa rana." Ya ce, "Likitan nan ya taɓa ganin teku, in ban da a kalanda?" Ta ce ba za ta buɗe ba. Ya ɗaga murya, ita ma ta ɗaga, har maƙwabta suka leƙo. Ya ce shi ya haife ta ba ita ta haife shi ba. Ta ce ta binne uwa, ba za ta tsaya a bakin ruwa tana jiran a tsamo mata uba ba. Sai ya juyo gare ni, yana da tabbacin ina bayansa, ya ce, "Kai direba, faɗa mata. Faɗa mata ko akwai wanda ya fi ni sanin duwatsun nan."

Na ce, "Babu, Yaya. Amma ka ɗan huta."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ajiye bokitin a hankali, ya ce, "Ashe har da kai."

Tun ranar bai sake yi mini magana ba. Abin mamaki, yana manta ko ya ci abinci, amma wannan bai manta ba. Kullum da safe yana zuwa shagon gahawa ya zauna a kujerar da ke fuskantar tashar jiragen ruwa, in na shigo ya kau da kai. Ya rame. Farruja ta ce cokali biyu yake yi ya ture kwano. Da Bela'id kaɗai yake hira, kuma hirar guda ce: Farin Dutse. Kin san shi, dutsen nan da ke tsakiyar ruwa bayan an zagaye kan tudu, wanda ba a hango shi daga gari. Wai akwai wani ƙaton kifin meru a ramin da ke gindinsa, wanda ya tsinke masa zare bara, wai kifin ya kai girman ɗan maraƙi, kuma a ƙarshen Yuli yake fitowa bakin rami. Bela'id yana biye masa, yana cewa, "Bari ya ƙara ƙiba, Arezki, baɗi ma kama shi mu yi biki."

Ni ma na daina fita. Na gwada sau ɗaya ni kaɗai, na ji kamar na saci wani abu. Ga shi kuma teku ya canza. Babu iska ko kaɗan, sama tas, amma ruwan yana ɗagawa yana sauka a hankali kamar ƙirjin mai barci. Bela'id ya ce hadari ne ake yi can nesa wajen arewa, saƙonsa ne ya fara isowa, manyan suna tafe. Irin wannan ne ke cin 'yan hutu, domin ido yana ganin lafiya, sai guda ɗaya ya taso daga babu ya lashe dutse. Shekaranjiya sai da na sauko da wani mutumin babban birninmu Aljiyas da matarsa daga kan duwatsu, yana ta yi mini gardama wai rediyo ta ce rana za a yi.

Ki yi mana addu'a. Ɓaure ya fara nuna, tsuntsaye suna riga ni. Ki gaishe da kowa da kowa.

Naki,
Mukran

Azaffun, 3 ga Agusta, 1986

Wardiya,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan teburin shagon gahawa nake. Ban san ko zan aika da wannan ba. An ce in zauna, kuma in ban yi wani abu da hannuna ba zan haukace.

Yaya ya fita teku.

Da na dawo daga sallar asuba ban lura da komai ba. Sai da hantsi Farruja ta faɗo gidan ko sallama babu, kanta ba ɗankwali, tana tambaya ko yana wurina. Ba ta jira amsa ba ta wuce bayan itacen ɓaure. Babu filafilai. Ya san ba na kulle ƙofa in zan tafi masallaci, shekara nawa yana yi mini faɗa a kan haka. Da na sa su a ɗaki, Wardiya. Da ɗaki kawai na sa su.

Muka ruga tasha, babu kwalekwale. Wani mai gyaran raga ya ce ya ga fitarsa da sassafe, lokacin ruwa bai tashi ba, har ya ɗaga masa hannu. Bai san an hana shi ba, mu ne muka ɓoye wa mutane don kunya.

Manyan da Bela'id ya ce suna tafe sun iso, kuma iskar gabas ta taso ta haɗu da su. Daga nan inda nake zaune ina ganin raƙuman ruwa suna tsallake katangar tasha, abin da ban taɓa gani a Agusta ba.

Wajen azahar aka tsinci kwalekwalen. Ruwa ne ya jefo shi kan yashi yamma da gari, rabinsa cike da ruwa, babu kowa a ciki. Farruja ta gan shi ta zauna daɓas a cikin yashi, ko kuka ba ta yi ba. Mata suka kewaye ta, wasu har sun fara salati irin na mutuwa.

Ni kuwa na shiga ruwa na duba shi. Filafilan suna ciki, an tura su ƙarƙashin benci yadda yake yi in ya isa wuri. Babu bokiti, babu ƙugiyoyinsa na hannu. Igiyar gaba tana jan ƙasa, na bi ta har ƙarshe: ba ta tsinke ba, ba a yanke ta ba, babu ƙulli a jikinta. Na nuna wa Bela'id na ce wanda ya kife ba ya tsayawa jera filafilai. Ya sauka ne a wani wuri, jirgin ya gudu ya bar shi. Bela'id ya jujjuya igiyar ya ce, "Farin Dutse."

Na ce mu tafi. Ya ce in dubi bakin tasha da kyau in sake faɗa. Ya ce in ya fita yanzu gawa uku za a nema maimakon ɗaya, sai ya ga fuskata ya ce, "Astagfirullah, Mukran, ba haka nake nufi ba." An buga wa jami'an ruwa waya daga gidan waya, sun ce jirginsu yana can yana neman wasu, za su zo in sun samu hali. Bela'id ya ce iskar gabas takan sassauta bayan la'asar, in ta sassauta ko kaɗan ne zai gwada, ko matarsa za ta tsine masa.

Abin da nake ta lissafawa shi ne tsayin dutsen. A ruwa kwance ya kai bene ɗaya. A irin wannan ruwan ban san abin da ya rage ba. Babu inuwa a kansa, babu ruwan sha. Kuma ban san wane Arezki ne ke can ba, wanda ya san ya hau ƙololuwa ya kwanta, ko wanda zai sauko neman hanyar gida.

Farruja tana bakin ƙofar shagon, ta ƙi shigowa, ta ƙi kallona. Ga ladan ya fara kiran la'asar. Bela'id ya miƙe.

Ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki.

Mukran

Azaffun, 17 ga Agusta, 1986

Zuwa ga Wardiya, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin samu natsuwa, ke da Nadiya da mijinta da ɗan jikana. Na san wayar da Farruja ta buga muku ba ta ishe ki ba, an ce kuka kika yi ta yi har layin ya yanke. Ga ni, da raina, da hannuna nake rubutu, ko da yake na hagun yana naɗe. Waccan takardar da na rubuta a shagon gahawa na sako miki ita tare da wannan, ki fara karanta ta. Na so in yaga, na ga ba ni da abin da zan ɓoye miki.

Iskar ta sassauta, amma ba sosai ba. Muna kwance igiya sai ga Farruja ta diro cikin jirgin. Bela'id ya ce, "Fita, 'yata, wannan ba wurin mace ba ne yau." Ta ce, "Yau ba wurin kowa ba ne. Tuƙa." Ya dube ni, na kau da kai, ya tuƙa.

Ba zan ba ki labarin bakin tasha ba. Abin da na sani shi ne na ga sama a inda ya kamata in ga ruwa, na ji Bela'id yana zagin injinsa yana kuma roƙonsa a numfashi guda. Da muka zagaye kan tudu, Farin Dutse ya bayyana, ba fari ba, baƙi ƙirin saboda jiƙa, kumfa ta kewaye shi. Duk raƙumin da ya zo sai ya haɗiye fiye da rabinsa. A can ƙololuwa akwai wani abu kamar buhun da aka yar. Farruja ce ta fara cewa ya motsa.

Jirgi ba ya iya matsawa, dutsen zai farfasa shi. Bela'id ba zai saki sitiyari ba. Saura ni. Na tuɓe riga, na ɗaura doguwar igiya a ƙugu, Farruja ta naɗa ɗaya bakin a ƙarfen jirgi ta riƙe. A lokacin ne ta yi mini magana, karo na farko tun safe. Ta ce, "Baffa, in ka ga ba zai yiwu ba, ka ja igiya in jawo ka. Kada in rasa biyu."

Rabona da iyo mai nisa tun kafin a haifi Nadiya. Na sha ruwa har na ƙoshi. Da na kusa dutsen na miƙa hannu zan kama, sai na ji murya daga sama, muryar da na sani tun ina yaro, tana tsawa: "Kada ka kama, jaki! Bari ya ɗaga ka! Jira! Jira! Yanzu!" Ruwa ya ɗauke ni ya ɗora a kan wani tudu, na manne, ya janye ya bar ni. Nan ne ƙayar teku ta cika mini tafin hannu, ban ma ji ba sai daga baya. Na rarrafa na hau.

Yana zaune ba takalmi, ba hula, leɓɓansa sun tsattsage, fatar goshinsa ta ƙone. Idonsa kuwa tar, babu gigi ko kaɗan. Da ma a ruɗe na same shi, Wardiya, da na ɗaure shi na ja kawai.

Ya ce, "Na zo in ɗaure kwalekwalen, Mukran. Na riƙe igiyar, ga ƙarfen da na kafa da hannuna a dutsen nan. Na tsaya ina kallon igiya, igiya tana kallona. Hannuna ya manta hanya. Ina tsaye har ruwa ya zare ta daga hannuna."

Na ce ba komai, mu tafi, ma yi maganar a gida.

Ya ce, "Ni ba kurma ba ne, na ji abin da likitan ya faɗa mata a bakin ƙofa. Yau igiya ce, gobe cokali, jibi sunanka. Ka koma. Nan ya fi mini ɗakin da za a kulle ni."

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da iyayenmu, ya girgiza kai. Wani raƙumi ya zo ya watsa mana ruwa har wuya, na ji dutsen yana rawa a ƙarƙashina. Rana ta yi ƙasa. Ban san inda na samo abin da na yi ba: na zauna kusa da shi, na fara kwance igiyar daga ƙuguna. Ya ce me nake yi. Na ce hutu nake, ba inda zan je, in ya zauna na zauna. Ya ce in daina wauta, ina da jika. Na ce shi ma yana da 'ya, ga ta can.

Ashe bai gan ta ba. Ya kare ido da hannu ya duba, daidai lokacin da jirgin ya hau kan wani raƙumi, ga Farruja tsaye da igiya a hannu, bakinta a buɗe tana kiran abin da iska ba ta bari mu ji ba. Sai ya miƙe zumbur. Wallahi na ɗauka duka zai kai mini. Ya ce, "Ka kawo mini yarinya cikin wannan ruwan? Kai da Bela'id ba mai hankali ko ɗaya a cikinku? Ba ta iya iyo ba!"

Na ce ba za ta koma ba sai da shi, ya san halinta, a wurinsa ta gada.

Ya yi ta huci. Sannan ya ɗaga hannuwansa sama kamar yaron da za a sa wa riga, ya ce, "Ɗaura. Ni ban iya ba."

Na ɗaure mu tare. Shi ya zaɓi gefen da za mu faɗa, shi ya karanta ruwan. Ya sa muka bar manya suka wuce a jere, yana riƙe da wuyan hannuna yana cewa ba yanzu ba, ba yanzu ba, har na fara tunanin ya sake shawara. Sai ya ce, "Bismillah," ya ja ni. Sauran aikin Farruja ce ta yi shi. Igiyar ta saɓule mata fatar tafin hannu biyu, ba ta saki ba. Da Bela'id ya jawo shi cikin jirgi ta rungume shi tana dukan bayansa tana kuka, shi kuma yana yi mata faɗa a kan fitowa ba ɗankwali.

Ya kwana uku a asibiti saboda ƙishirwa da ƙunar rana. A kwana na biyu, da Farruja ta fita, ya kira ni kusa ya ce, "Ranar da na daina gane ka, kada ka daina kai ni bakin ruwa. Ko ban san me nake yi a can ba, ka kai ni." Na ce na ɗauka. Ashe tana bakin ƙofa ta ji. Da aka sallame shi na tarar da sanda guda a jingine a zaure, ƙaramar. Kwalekwalen kuwa Yaya da bakinsa ya ce a ba Bela'id.

Tun da ya dawo gida abin ya ƙaru, kamar dutsen ya cinye ragowar ƙarfin kansa. Ba ya tuna ranar ko kaɗan. Ya tambaye ni me ya sami hannuna, na ce ƙaya ce, ya ce ai ni kullum ba na kula.

Jiya ruwa ya kwanta, muka kai shi cikin tasha, can ciki inda ko yaro ba zai zame ba. Farruja ta ɗauko masa kujera, ta zauna a gefensa da hannuwanta a naɗe, ni na ɗaura ƙugiya na sa masa sardin. Mun daɗe ba abin da ya taɓa. Dab da magariba kan sandar ya yi rawa, kafin in buɗe baki ya fizga, daidai lokacin da ya kamata, ko daƙiƙa bai ƙara ba. Ya fito da ɗan kifi bai fi tafin hannu ba, mai zanen baƙi a jiki. Ya riƙe shi yana jujjuyawa, fuskarsa cike da murna, sannan ya dube ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ya ce, "Malam, yaya sunan wannan?"

Wardiya, wannan kifin shi ne na farko da na taɓa kamawa a duniya, ina ɗan shekara bakwai, yana tsaye a bayana ya riƙe mini sanda.

Na ce, "Sar ake ce masa. Yana son kumfa, yana tsoron zare mai kauri."

Ya ce, "Kai, ka san kifi."

Na ce wani ne ya koya mini.

Ya gyaɗa kai, ya cire ƙugiyar a hankali, ya ce, "To, ya iya koyarwa."

Farruja ta juya tana kallon jirage. Ni kuma na sunkuya na sake sa masa sardin.

Ki dawo da zarar Nadiya ta yi ƙarfi, gidan ya yi mini girma. Ki gaishe ta, ki gaishe da mijinta, ki shafa mini kan yaron. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki har kullum,
Mukran